Tambayoyinku: Gugan da ake zurawa ƙarƙashin ƙanƙarar Antaktika

Tun da Saudiyya ta shiga Yarjejeniyar Antaktika a 2024 muke samun wasiƙu daga Jidda da Makka da Madina kan wannan nahiya ta can ƙarshen kudancin duniya. A wannan fitowa mun tsinto waɗanda suka shafi tafkunan da ƙanƙara ta rufe, da aikin masu binciken ƙananan halittun da ke cikinsu.

Daga wata malamar kimiyya, unguwar Hindawiyya, Jidda: Na gaya wa ɗalibaina akwai tafkunan da ƙanƙara ba ta taɓa barin samansu, amma akwai rai a ciki. Sai wata ta ce, "Malama, ai ruwan da muka sa a firiza har gindin gora yake daskarewa." Me zan ce mata?

Malama, ɗalibarki ta yi tambayar masu hankali. Gorar da ke firiza sanyi na dukanta ta ko'ina. Tafki kuwa ta sama kaɗai sanyi ke shigarsa, kuma da zarar ƙanƙarar ta yi kauri sai ta zama masa bargo. A busassun kwaruruka na McMurdo, inda tafkunan Bonney da Hoare da Fryxell suke cikin kwarin Taylor, kaurin wannan bargo yakan kai mita 3 zuwa 6. Kullum sabuwar ƙanƙara na ƙaruwa ta ƙasa, iska mai bushewa na cinye ta ta sama, don haka kaurin bai cika sauyawa sosai ba. Da bazarar can, wajen Disamba da Janairu, duwatsun ƙanƙara na gefe kan narke na 'yan makonni su turo ruwa ta bakin gaɓa. Ɗan hasken rana da ya ratsa ya shiga kuma, zafinsa ba ya samun hanyar fita, tunda babu iskar da ke kaɗa ruwan.

Rashin kaɗawar nan shi ne sirrin komai. Ruwan yana kwance ne hawa-hawa, mai daɗi a sama, mai gishiri da nauyi a ƙasa, ba sa haɗuwa shekara da shekaru. A tafkin Vanda da ke kwarin Wright, ruwan da ke manne da ƙanƙara yana kusa da digiri 0, amma na can ƙasa, zurfin wajen mita 70, ya haura digiri 20. Rana ce ta ɗumama shi sannu a hankali, gishiri ya danne shi a wurin.

Kifi dai babu. Abin da ke akwai shi ne bakteriya, da gansakuka mai ƙwaya ɗaya, da wasu 'yan tsutsotsi da ƙananan dabbobi da sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. A ƙasan tafki kuma akwai shimfiɗar sayanobakteriya, wato bakteriyar da ke haɗa abincinta da hasken rana, mai kama da tsohon kafet jiƙaƙƙe. A tafkin Untersee da ke wani yanki daban na nahiyar, mai zurfin mita 169, wannan shimfiɗa ta gina tuddai masu tsini, wasu sun kusa rabin mita. Watannin duhu kuwa, wasu daga cikin gansakukar sukan koma cin bakteriya har rana ta dawo.

Daga wata ɗalibar nazarin ƙananan halittu, Jidda: Ina son sanin aikin yini guda daki-daki. Me ake yi daga tashi zuwa kwanciya?

'Yata, fara da cire tunanin asuba da magariba, domin daga ƙarshen Oktoba har cikin Fabrairu rana ba ta faɗuwa a can. Agogon Niyu Zilan ake bi, saboda daga birnin Christchurch jirage ke tashi zuwa tashar McMurdo ta Amurka, tafiyar kusan kilomita 3,800, daga nan jirgi mai saukar ungulu ya kai mutane kwari.

Kafin ranar ɗiban ruwa sai an huda. Ana amfani da injin huda mai baki kamar kusa mai murɗi, faɗinsa wajen santimita 25, ana ƙara masa sanduna mita-mita yayin da yake nutsawa. Abu biyu ke ɓata wannan mataki. Cikin ƙanƙarar akwai layin yashi da tsakuwa da iska ta kwaso, yana dakushe bakin injin nan take, saboda haka ba a fita sai da baki na canji. Na biyu, lokacin da aka ɓulla ruwa ya taso cikin ramin, wanda ya tsaya hutawa da sandar a ciki zai tarar ta kafe, sai dai a narko ta. Ruwan yakan taso ya tsaya ƙasa kaɗan da bakin rami, kamar santimita 30 zuwa 40 idan kaurin mita 4 ne, domin ƙanƙarar yawo take a kan ruwan. Daga fuskar wannan ruwa ake auna kowane zurfi, ba daga saman ƙanƙara ba. Wanda ya manta da haka, lissafinsa duka ya goce. Sai a kafa tanti a kan ramin, a sa na'urar ɗumama ɗaki, a bar ruwan ya huce daga girgizar haƙa.

Ranar aiki ana sammako. Abu na farko a fasa ɓawon ƙanƙarar da ya rufe ramin cikin dare, a kwashe da rariya. Sannan a zura na'urar da ke auna zurfi da zafi da gishiri a lokaci guda, a hankali ƙwarai, don kada ta dama hawa-hawan da aka zo aunawa. Ana barinta cikin ruwa 'yan mintuna tukuna ta saba da yanayin. Idan aka bar ta jiƙe a waje, ruwan da ya maƙale a bututunta zai daskare ya fasa shi, kuma babu shagon da za a sayo wata. Bayanta sai na'urar auna haske. A yawancin tafkunan kwarin Taylor, abin da ke ratsa ƙanƙara bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na hasken da ya sauka ba. Riƙe wannan adadi, za ki ga amfaninsa yanzu.

Gugan ɗiban ruwa sunansa kwalbar Niskin. Bututun roba ne mai cin kamar lita 5, da murfi sama da ƙasa, roba mai ja ta haɗa su ta ciki. Ana ɗana shi a buɗe, a zura da waya zuwa zurfin da ake so, sai a sako wani ƙarfe mai nauyi ya gangaro ta jikin wayar ya bugi kunama, murafan biyu su rufe tare. Daga sama ake farawa a yi ƙasa, domin kwalbar da ta je gindi ta dawo takan jawo ruwan ƙasa ta gauraya na sama. Matsalar da ta fi yawa ita ce rijiya ta bayar guga ya hana: ƙanƙara ta kama waya, ƙarfen ya tsaya a hanya, ko robar ta sandare da sanyi murfi bai zauna ba, a jawo kwalba tana yoyo. Ruwan kwalba mai yoyo ba a amfani da shi, don ba a san daga wane zurfi ya shiga ba.

Da kwalba ta fito, akwai tsarin rabo, kuma ba a saɓa shi. Iska ake fara ɗauka. Ruwan saman waɗannan tafkuna ya ƙoshi da oksijin har ya wuce kima, ninki biyu ko uku na abin da ruwan fili ke ɗauka, saboda duk lokacin da ruwa ya daskare yakan tofar da iskar da ke cikinsa zuwa ƙasa, ga kuma wadda gansakuka ke fitarwa ba ta da mafita. Da an jawo shi sama sai ya fara kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe. Don haka ana sa siririn tiyo har gindin kwalbar gilashi, a bar ruwa ya cika ya tumbatsa ninki biyu ko uku, a zuba sinadaran gwajin Winkler na auna oksijin nan take, wato manganis sannan ayodin mai kaifin alkali, a toshe ba tare da ko ɗigon kumfa ba. Kumfa ɗaya ya isa ya ƙaryata sakamakon. A Fryxell, ƙasa da kamar mita 10 oksijin ya ƙare ƙaf, ruwan yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Nan kuma tsoron ya juya: iskar tanti ce ake gudun ta shiga ruwan, don halittun wurin guba ce a gare su.

Sauran ruwan ana rarraba shi cikin kwalabe masu duhu, bayan an ɗauraye kowace sau 3 da ruwan da za ta ɗauka. Ga amfanin adadin da na ce ki riƙe. Halittar da ta saba da kashi 1 ko 2 na haske, idan hasken fili ya doke ta ko na ɗan lokaci ne, aikinta na sarrafa haske yakan rikice, abin da za ki auna daga baya ba halinta na gaskiya ba ne. Shi ya sa ake rufe tanti, a yi aiki cikin duhu-duhu, a jera kwalabe cikin kula. Kular nan fa ba don sanyaya ruwa ake ɗaukarta ba kamar yadda muke yi a Arfa, don kada ya daskare ne a hanya. Ruwan da ya daskare ƙwayoyinsa sun fashe.

Gwajin da ya fi cin lokaci shi ne auna yawan abincin da gansakuka ke haɗawa. Daga kowane zurfi ana cika kwalabe masu haske da ɗaya mai baƙin rufi, a ɗiga musu kabon mai lamba 14, a ɗaura su jikin igiya a mayar da kowace daidai zurfin da ta fito, su kwana awa 24. Bambancin da ke tsakanin mai haske da mai duhu shi ne aikin rana. Sinadarin yana da tururin nukiliya kaɗan, don haka yana da wurinsa daban da safar hannunsa daban, kuma ɗigo ɗaya da ya zube a tafki zai lalata wa masu auna shekarun ruwan aikinsu.

Da rana ta yi sai a koma ɗakin gwaji na sansani, a zauna tata. Nan ne gajiyar take. Don auna koren sinadarin gansakuka ana tace ruwa ta faifan zaren gilashi mai ƙofar kusan mikron 0.7 (mikron ɗaya cikin dubu ne na milimita), a jiƙa faifan cikin asiton mai ƙarfin kashi 90 ya kwana a duhu da sanyi. Don DNA kuma matata mai mikron 0.2, a tura lita ɗaya ko fiye. Famfon tsotso a sassauta shi, idan ya yi ƙarfi ƙwayoyin za su fashe abin cikinsu ya bi ruwa ya wuce. Matatar DNA sai firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili ko ruwan naitirojin. Wanda za a ƙirga a madubi kuma a kashe shi da fomalin ko ruwan Lugol don ya tsaya yadda yake. Aikin kan kai tsakar dare. Alƙalamin biro ba ya rubutu a wannan sanyi, fensir ake riƙewa, batura kuma a aljihun ciki suke kwana.

Daga wani mai gyaran mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), Shari'a Mansur, Makka: Na ga hoton mutum yana shiga rami cikin ƙanƙara da kayan nutso. Da wane inji ake yin rami mai faɗi haka?

Ɗan'uwa, aikin nan ɗan gidanku ne, sai dai an juya shi. Maimakon a kwashe zafi, kai shi ake yi. Tukunya mai ƙona man dizal tana dafa ruwan gilaikol, wani sinadari da ba ya saurin daskarewa, famfo ya tura shi ta tiyo zuwa naɗaɗɗen bututun jan ƙarfe, ya zagayo ya dawo tukunya. Ana fara zura siririn bututu cikin ramin da aka huda, sannan a ɗora naɗi mai faɗi ya riƙa nutsawa da kansa. Ramin da ya ɗan wuce mita 1 a faɗi yakan ci kwanaki, kuma dole wani ya riƙa tashi yana duba mai da janareto. Idan wuta ta mutu cikin dare bututun zai kafe cikin ramin. Idan mahaɗin tiyo ya saki, gilaikol ya shiga tafki, kuma wannan abinci ne ga bakteriya, an ɓata wurin ke nan. Saboda haka injin da jarkokin mai duk a kan leda mai katanga ake ɗora su.

Mai nutso yana sa rigar da ruwa ba ya shiga, igiya na ɗaure da shi, a yawancin lokuta iskar da yake shaƙa ma daga sama ake turo ta, yana magana da mai riƙe igiyar ta waya. Ƙofar fita ɗaya ce tak. Na'urar shaƙar iska takan daskare a buɗe ta riƙa zubar da iska ba tsayawa, shi ya sa ba a hura ta a waje kafin a shiga ruwa, kuma kullum akwai tulun iska na biyu. A ƙasa ba a taka shimfiɗar nan. Layi ɗaya siriri take ƙarawa a shekara, bugun ƙafa guda kan share abin da aka daɗe ana ginawa. Da sirinjin da aka yanke wa baki ko ɗan bututu ake yanko samfuri, a toshe shi tun a can ƙasa.

Daga wani ma'aikacin ɗakin gwajin jini, Madina: Ta yaya suke tabbatar da cewa ƙwayar da suka gani ta tafkin ce, ba daga hannunsu ta fito ba?

Malam, ka taɓo inda masana suka fi yin gardama. A tafkunan kwarin Taylor mililita guda na ɗauke da ƙwayoyin bakteriya dubu ɗaruruwa, don haka ɗan gurɓata ba ya rinjayarsu. Duk da haka ana wanke kwalabe da ruwan asid, a sa safar hannu, a kuma tafi da shaida: tsarkakakken ruwa da ake bi da shi ta kowane mataki, daga kwalba zuwa matata zuwa injin karanta DNA. Duk abin da ya bayyana a cikinsa baƙo ne, sai a cire shi daga lissafi. Ka san giyar gwaji mai kashi 70 tana kashe ƙwaya amma ba ta rusa DNA ɗinta, sai an haɗa da bilic. Har sinadaran da kamfanoni ke sayarwa don ciro DNA suna zuwa da ɓurɓushin nasu. Idan aka ga bakteriyar fatar mutum a zurfin mita 30, ruwa ba ya tsami banza.

Abin ya fi tsanani a tafkunan da ke binne ƙarƙashin babbar ƙanƙarar nahiyar. A Fabrairun 2012 Rashawa suka kai ga tafkin Vostok bayan huda mita 3,769, amma ramin cike yake da kananzir da wani sinadari da ke hana shi rufewa, kuma ruwan da ya taso ya gauraya da su, sai sakamakon ya zama abin tantama. A Disambar shekarar, Turawan Ingila suka janye daga tafkin Ellsworth saboda ramukansu biyu sun ƙi haɗuwa a ƙasa. A Janairun 2013 Amurkawa suka shiga tafkin Whillans ta ƙanƙara mai kaurin mita 800 da ruwan zafi, wanda aka tace, aka haska masa fitilar da ke kashe ƙwayoyi, aka kuma wanke kayan aiki da haidurojin feroksaid. Sun samu ƙwayoyi kusan 130,000 a mililita, nau'i kusan 4,000, suna rayuwa ba rana, suna cin ammoniya da iskar gas ta misen da ma'adinan dutse. A ganinmu abin da ya sa aka yarda da Whillans shi ne sun ƙirga ƙwayoyin ruwan haƙarsu tun kafin su ɓulla, suka nuna na tafkin daban ne.

Daga wani dattijo, Misfala, Makka: Musulmin da ya je can, yaya salla inda rana ba ta faɗuwa? Alwala fa, da kewayawa?

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Malamai sun dogara da hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda sahabbai suka tambayi ko sallar yini ɗaya za ta isa a ranar da ta kai tsawon shekara, aka ce musu a'a, su ƙaddara mata lokaci. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta tafi a kan a yi salloli 5 cikin kowace awa 24, a bi lokutan ƙasa mafi kusa da ake rarrabe dare da rana. Wasu malaman sun ce a bi lokacin Makka. Mai niyyar tafiya ya zauna da malaminsa kafin ya tashi.

Ruwan sha daga gutsattsarin dutsen ƙanƙara ake narko shi, don haka kowa na tsimi, wanka sai jefi-jefi. Dokar kare muhalli ta Madrid, wadda aka sa wa hannu a 1991 ta fara aiki a 1998, da ƙa'idojin kwarurukan kansu, sun hana zubar da komai a ƙasa. Ruwan alwala a roba ake tara shi a juye a ganga. Fitsari kowa da gorarsa a jaka, bayan gida a bokiti mai murfi, jirgi ya kwashe duka. Dalili kuwa ƙasar ba ta ruɓar da abu. Akwai gawarwakin dabbobin teku da suka ɓata hanya suka mutu a kwarin, sun bushe kamar kilishi, wasu sun yi ɗaruruwan shekaru a kwance.

Daga wani direban tankar ruwa, Jidda: Duk wannan wahala, mu da ke cikin zafi me ta ƙare mu da shi?

Ɗan'uwa, amfani na farko ma'auni ne. Tafkin da ba shi da mafita, hawansa da saukarsa na nuna yadda ƙanƙara ke narkewa. Tawagar Robert Scott ta auna mashigin da ke tsakiyar tafkin Bonney a 1903, kuma da wannan awo aka gane ruwan ya hau fiye da mita 10 tun lokacin. Tun 1993 ake maimaita gwaje-gwajen da muka lissafa wa ɗalibar can kowace shekara, a zurfafan da aka saba da hanya iri ɗaya, don a iya kwatanta bana da bara. Masu neman rai a duniyar Mars da Yurofa, watan duniyar Jufita, ma a nan suke gwada kayansu, musamman bayan an samu bakteriya a tafkin Vida cikin ruwan gishiri mai sanyin digiri 13 ƙasa da sifili, wanda ya yi kusan shekara 2,800 a rufe.

Irin wannan ruwa mai hawa-hawa kuma yana nan ƙofar gidanka. A tsakiyar Bahar Maliya, tsakanin Jidda da Bur Sudan, akwai ramin Atlantis II, zurfin sama da mita 2,000. A gindinsa akwai tafkin ruwan gishiri kwance ƙarƙashin teku, gishirinsa ya ninka na teku kusan sau 7, zafinsa ya kai wajen digiri 68, babu oksijin, kuma akwai ƙananan halittu, musamman a iyakar da ruwan biyu suka haɗu. Saudiyya da Sudan sun ƙulla yarjejeniya a 1974 kan ma'adinan da ke wurin, masu bincike na jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah (KAUST) da ke Suwal kuma sun yi aiki a kan halittunsa. Kwalbar Niskin ɗin nan dai ita ake zurawa, sai dai a jere cikin keji, daga jirgin ruwa, da waya mai tsawon fiye da kilomita 2. A can kudu ana fama kada na'ura ta daskare. A nan kuwa gishirin ya fi ƙarfin ma'aunin da aka saba da shi, sai an surka samfurin da tsarkakakken ruwa a cikin jirgi kafin a iya karanta shi.